Ciwon ƙwauri ga masu gudu: me ke kawo shi, kuma yaya ake magance shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na fara gudu da asuba a kan kwalta saboda ina shirin shiga aikin soja. Ba a jima ba sai gefen ƙwaurina ta ciki ya fara ciwo, ƙafafun duka biyu. Idan na fara gudu yakan yi zafi sannan ya lafa, amma da na koma gida sai ya dawo. Abokaina sun ce in sha maganin ciwon jiki in daure. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ciwo sananne ne ga sababbin masu gudu da kuratan soja. Duk takun da ka yi, ƙashin ƙwauri ne ke karɓar nauyin da ya ninka na jikinka, tsokokin da ke manne da shi kuma suna jan fatar da ta lulluɓe ƙashin. Ƙashi yana iya sabawa da wannan, amma a hankali yake sabawa, ba kamar numfashi ba da ke ƙarfi cikin 'yan makonni. Shi ya sa mutum ke jin yana da sauran ƙarfin gudu, alhali ƙashinsa ya riga ya gaji.

Shawarar abokanka ba na goyon bayanta ko kaɗan. Maganin yana ɓoye zafin ne kawai, ƙashin kuwa yana ci gaba da shan wahala har ya kai ga tsagewa. Wanda ya daure a kan ciwon da hutun 'yan makonni zai warkar, yana iya ƙarewa da jinyar watanni, ranar tantancewa ta zo ta wuce yana ɗingishi.

Kafin komai, ka gwada da hannunka. Bi gefen ƙashin da yatsa kana dannawa. Idan zafin ya bazu a wuri mai tsawo, kamar faɗin tafin hannu, alama ce ta wannan ciwon na gajiyar ƙashi. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, ko yana damunka da dare kana kwance, ko ba ka iya tsalle da ƙafa ɗaya, to ka je asibiti, ana zargin tsagewa. Ka sani hoton ƙashi na farko ba lallai ya nuna ta ba a makonnin farko, wani lokaci sai an maimaita ko an yi hoton MRI, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Kada ka kai wa mai ɗori ya murza. Haka nan idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi, ko ƙafar na mutuwa lokacin gudu, wannan ma na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

In babu waɗannan alamun, ka ajiye gudu na mako 2 zuwa 6, gwargwadon yadda ƙafar ta amsa. Ba zama za ka yi ba: hawa keke ko iyo zai riƙe maka numfashinka. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana. Farasitamol ya isa idan zafin ya matsa. Su ibuprofen da diclofenac, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guje su.

Abin da nake son ka fi ba muhimmanci shi ne ƙarfafa sha-raɓa. Tsaya ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya ka tsaya a kan yatsu, ka sauko a hankali, sau 15, ka maimaita sau uku. Idan ya yi sauƙi, ka koma yi da ƙafa ɗaya.

Sai ka iya tafiyar minti 30 da sauri ba tare da zafi ba za ka koma gudu. Ka fara da rabin abin da kake yi a da, kana haɗa gudu da tafiya, rana ɗaya gudu rana ɗaya hutu, ƙarin kowane mako kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Ka bar kwalta ka nemi filin ƙwallo ko turba mai ƙasa, ka kuma rage faɗin takunka.

Ka duba takalminka ma. Takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa sau da yawa ya riga ya ci wannan tafiyar kafin ya zo hannunka, ko da samansa na ƙyalli. Idan ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya ko ya daina laushi, ka canja shi. Allah ya ba da lafiya.