Tambaya da Amsa: Hannun Ma'aikaci da Injin Gidan Burodi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da ma'aikata a wani gidan burodi. Kwanan nan injin murza kwaɓi ya kama yatsun wani yaronmu, alhali ya daɗe yana aikin. Me ke jawo haka, kuma yaya zan kare sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Daɗewa a aiki ba ta kare hannu, sau da yawa ma sabo ne ke kawo ganganci. Rololi biyu na injin, wato ƙarafan da ke murza kwaɓin, suna juyawa ne zuwa ciki, don haka duk abin da ya shiga tsakaninsu jansa suke yi, ko kwaɓi ne, ko tsumma, ko hannun riga. Kafin mutum ya ankara hannu ya bi.

Ka sa ido sosai lokacin shara da lokacin da kwaɓi ya maƙale, a nan ake cusa hannu inji na tafiya. Ƙa'idar ita ce a kashe injin, a yanke wutarsa daga babban makunni, a ɗaura kwaɗo, mai aikin ya saka makullin a aljihunsa. Sannan a jira ƙarfen ya tsaya cak, a danna maɓallin kunnawa don tabbatar da ba zai tashi ba. Danna jan maɓallin tsayar da inji kaɗai bai wadatar ba, wani na iya zuwa ya kunna bai sani ba.

A injin kwaɓa kuwa, ragar ƙarfen da ke rufe kwanon tana da ɗan makunnin da ke tsayar da inji idan an ɗaga ta. Wasu kan ɗaure shi da waya don aiki ya yi sauri. Kada ka yarda, kuma ka gwada shi kowace safiya. Zobe, agogo da safar hannu duk a cire su kusa da rola.

In tsautsayi ya auku, a kashe inji, a buɗe tsakanin rololin, kada a fizgi hannun. A danne ciwon da tsumma mai tsabta. Yatsan da ya gutsure a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kanta. Hannun da aka matse, ko fata ba ta tsage ba, a kai shi asibiti nan take, domin kumburin ciki na iya tsayar da jini.