Hukuncin sayen mabiya da biyan 'yan TikTok su yabi kaya

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ne nake kula da shagon mahaifina a Kantin Kwari, muna sayar da shadda da atamfa da leshi. Tun da na buɗe wa shagon shafi a Instagram da TikTok ciniki ya motsa, har daga Abuja da Maraɗi ana turo kuɗi mu saka kaya a mota. To wani mai harkar talla ya same ni ya ce shafin ba zai yi nisa ba muddin mabiyana ba su da yawa. Ya ce zai sayo mini mabiya 10,000, ya sa yaransa su riƙa rubuta yabo a ƙarƙashin kowane hoto kamar sun saya, sannan ya haɗa ni da wata da ta yi suna a TikTok ta ce a wajenmu take sayen kayan sallarta, alhali ba ta taɓa taka shagonmu ba. Ita kuma za a riƙa ba ta wani abu a kan duk turmin da aka saya ta dalilinta. Ya ce kowa haka yake yi, kuma tunda kayanmu masu kyau ne babu wanda aka cuta. Baba ya ce kada in biya sai na tambaya. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri da ya dakatar da kai, ka gaishe shi.

Abin da mutumin nan ya kawo maka gauraye ne. Sayen mabiyan bogi, da yabon da waɗanda ba su saya ba za su rubuta, da cewar wannan baiwar Allah a wajenku take saye alhali ba haka ba ne, duk haramun ne, kai mai biya da su masu karɓa kun yi tarayya a laifin. La'adar da za a ba wanda ya kawo mai saye kuwa halal ce idan an cika sharuɗɗanta.

Shi talla a karan kansa ba shi da laifi. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma sanar da mutane cewa ga kaya, ga kamarsu, ga kuɗinsu, yana bin hukuncin cinikin ne. Idan ka biya Facebook ko Instagram kuɗi sananne don su nuna hoton shaddarka ga mutanen Kaduna ko Zinder na wasu kwanaki, wannan ijara ce, hayar wurin kafa allo ce, babu komai a ciki.

Matsalar tana wajen yaran nan masu rubuta yabo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi. Imamu Malik ya bayyana shi a Muwaɗɗa: mutum ya taya kaya sama da kimarsu, ba don yana nufin saye ba, sai don wani ya gani ya yi koyi da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san yadda ake yi, mai dabba ya ajiye abokinsa a gefe yana ta tayi da ƙarfi don baƙo ya ɗauka ana rububi. Sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ce mai najashi maciyin riba ne, maha'inci, Buhari ya kawo maganar. To yaron da zai rubuta "Masha Allah, tawa ta iso, ba ta zuba", bai saya ba, ba zai saya ba, an biya shi ne don wata ta karanta ta turo kuɗi, me ya raba shi da wancan? Illar da ta sa aka hana ɗaya ce: ƙirƙirar masu saye na ƙarya don a ja na gaskiya. Nasa ma ya fi muni, domin mai tayi cewa kawai ya yi zai biya kaza, shi kuwa wannan shaida ya bayar a kan abin da bai gani ba.

Ba ni kaɗai na yi wannan ƙiyasin ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa mai mazauni a Jidda, a zamanta na takwas da aka yi a Brunei a 1993, ta tattauna cinikin gwanjo, ta lissafa siffofin najashi, ta kuma sanya a cikin sababbin siffofinsa amfani da kafafen ji da na gani da na karatu wajen ambaton kyawawan siffofin da ba gaskiya ba ne don a ruɗi mai saye. A lokacin babu Instagram, amma hukuncin ya hau kansa daidai.

Sai maganarsa cewa kayanku masu kyau ne, don haka ba a cuci kowa ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi shiga zuciya, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Gaskiya ne wasu malamai, cikinsu har da Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na mazhabarmu ta Malikiyya, sun taƙaita hanin najashi ga tayin da ya wuce kimar kaya, suka ce wanda ya ga za a karya wa mutum kaya ya ƙara tayi don su kai kimarsu bai yi laifi ba. Wasu malaman ba su yarda da su ba. Amma ko a kan ra'ayin nasu, maganar tayi ake yi. Babu malamin da ya ce a faɗi "na saya" alhali ba a saya ba saboda kayan suna da kyau. Ƙarya ba ta zama halal don abin da aka yi ta a kansa nagari ne.

Sannan ka dubi halin matar nan da ke Maraɗi. Ba za ta taɓa yadin da hannunta ba, ba za ta ɗaga shi a rana ba, ba ta san fuskarka ba, ba ta san layin da shagonku yake ba. Kuɗinta take turowa kafin ta ga komai. Abin da ta dogara da shi wajen yanke shawara shi ne yawan mutanen da ke bin shafin da abin da suka ce. Wannan shi ne madadin ido da hannu a cinikin intanet. Allah ya shar'anta a Suratun Nisa'i, aya ta 29, cewa cin dukiyar juna ya kasance ta kasuwanci bisa yardar juna. Idan abin da ta gina yardarta a kansa kai ka ƙera shi, da wace yarda ka karɓi kuɗinta? Da ta san mutum goman da suka yaba duk yaran mutum ɗaya ne, wataƙila ta saya, wataƙila ta fasa, amma zaɓin nata ne, kai ka ƙwace mata shi. Akwai kuma wani da aka cuta wanda mai tallan bai ambata ba: maƙwabcinka a kasuwa da ya tara mabiyansa kaɗan da guminsa, mai saye ta tsallake shi ta zo wajenka saboda adadin da ka saya.

Su mabiyan bogi ko ba su rubuta komai ba, hadisin Asma'u 'yar Abubakar ya ishe su. Wata mata ta tambayi Annabi ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu ne na ƙarya. Buhari da Muslim suka ruwaito. Ƙari a kan haka, su kamfanonin sun hana wannan a sharuɗɗan da ka amince da su lokacin buɗe shafi, suna kuma share irin waɗannan asusun lokaci zuwa lokaci, Musulmi kuwa yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Ta fuskar kasuwa ma asara ce, domin asusun da babu mutum a bayansa ba ya sayen turmi, kuma idan manhaja ta ga dubban mabiya ba sa kula abin da ka ɗora sai ta rage nuna shi. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta kafa dokar da ta fara aiki a Oktoban 2024 wadda ta hana yabon bogi da sayen mabiyan bogi don kasuwanci, da tara mai nauyi. Na kawo wannan ne don ka gane cewa "kowa haka yake yi" ba ta zama hujja ba ko a wajen waɗanda suka ƙirƙiro kafafen.

Game da 'yar TikTok, ba a hana ka ɗauki wanda mutane ke saurare ya tallata maka kaya ba. Abin da aka hana shi ne jumlar nan ta "a wajensu nake saye". Ku ba ta yadin, ta kai ɗinki, ta sa, ta wanke, ta faɗi abin da ta gani. Kuma ta sanar cewa talla ne an biya ta. Wasu suna ganin wannan sanarwa ƙa'idar Turawa ce kawai, ni ina ganin wajibi ce duk inda masu kallo za su ɗauki maganar a matsayin shawarar wadda ba ta da ko sisi a ciki. Annabi ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Mace ta tambaye ta "Anti, ina zan samu leshi mai kyau?" ta nuna mata shagonku tana ɓoye cewa tana da kaso, wannan cin amanar shawara ne. Ka kuma duba wace ce da yadda za ta yi tallan. Idan da rawa da bayyana tsiraici za a nuna atamfar, to kuɗinka ya shiga taimakekeniya a kan saɓo wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma sunan mahaifinka ne a jikin shagon.

La'adarta dillanci ne, dillanci kuwa sana'a ce tun zamanin Sahabbai. Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa malaman Tabi'ai Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Amma akwai wani bayani na Imamu Malik da ya kamata 'yan kasuwarmu su sani. Ya ce idan mai kaya ya yanke farashi ya ce wa mutum in ka sayar a kan kaza kana da kaza, in ba ka sayar ba ba ka da komai, wannan babu laifi. Idan kuwa ya ce sayar, kana da kaza a cikin kowane dinari, ba a yanke farashin ba, bai yarda da shi ba, saboda dillalin bai san nawa ladansa zai kasance ba. Wasu malaman, musamman Hambalawa da mafi yawan na wannan zamani, sun halatta kaso cikin ɗari. Kai hanyar fita daga saɓanin tana hannunka: ku ce naira kaza a kan kowane turmi, ko kuwa kaso a kan farashin da aka riga aka rubuta a shafi, wanda kowa zai iya lissafawa. Ku rubuta, ku kuma fayyace ko kayan da aka dawo da su suna cikin lissafi, domin a nan rigima take tashi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma na san yana nan, wato hoto. Mazhabar Malik ta halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, har Malik ya halatta sayar da dilar tufafi a kan takardar da ta lissafa abin da ke ciki ba tare da an kwance ba, muddin kayan sun dace da abin da aka rubuta. Hoto da bayanin da ke ƙarƙashinsa su ne takardar a yau. In sun dace ciniki ya ɗauru, in sun saɓa mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Gyara haske don launi ya fito yadda yake a ido babu laifi. Amma a ƙara wa shadda ƙyallin da ba ta da shi, ko a ɗauko hoton asali a aika kwaikwayo, ko a kira ta China gezna, wannan shi ne abin da Annabi ya tarar a kasuwa lokacin da ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Haka rubuta "saura turmi biyu" alhali sito cike yake, da rubuta tsohon farashin da ba a taɓa sayarwa a kai ba a soke shi don a ce an yi ragi. Ita kuwa "wallahi" da ta zama gishirin kowane bidiyon talla, ka cire ta daga bakinka da bakin duk wanda ka ɗauka. Mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum ukun da hadisin Abu Zarri a Muslim ya ce Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama.

Kai ba ka biya ba, sai ka ce masa a'a. Wanda kuwa ya riga ya yi, ya tuba, ya goge yabon ƙaryar, ya cire mabiyan gwargwadon iko. Cinikin da aka ƙulla a baya bai ɓaci ba a mazhabarmu, sai dai idan najashin da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, don haka duk wanda ya dawo yana cewa yabon nan ne ya ja shi, a karɓa masa ba tare da jayayya ba.

Idan yabo kake so a shafinka, nemi na mutanen da suka saya da gaske. Ka nemi izininsu kafin ka ɗora saƙonsu, ka rufe suna da lambar waya, musamman na matan aure, kada kuma ka sa ragi ko kyauta ya zama sharaɗin sai an yaba.

Wallahu a'alamu.