Bishiyar kafur ta Kawago ta cancanci a je ganinta?

Malam, ka tambaya ko tsohuwar bishiyar kafur ta Kawago, a ƙasar Japan, ta isa ka taso mata daga birnin Fukuoka. Ta isa, amma rabin yini ya wadatar.

Tana cikin wani ɗan lambun shaƙatawa a Wakaki, gefen garin Takeo a jihar Saga. Tsayinta kamar mita 25 ne, ba wani abin mamaki ba. Kaurin ne ke tsayar da mutum: kewayen jikinta ya kai mita 21, ɓawon duk ya yi kunya-kunya, ya cure, gansakuka ta lulluɓe shi. Ana cewa ta kai shekara 3,000, sai dai ƙiyasi ne, domin irin waɗannan tsofaffin cikinsu kan rarake, babu zoben cikin itacen da za a ƙirga a gane shekarunsu. Tun 1924 doka ke kare ta.

In ka je, tsinci ganyen da ya faɗo ka murza a tafin hannu, za ka ji ƙamshin kafur sosai. Kada dai ka hau saiwoyin.

Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Takeo-Onsen ka ɗauki tasi, jiran bas zai cinye maka lokaci.