Ƙaramar Kwamfuta Don Haɗa Kiɗa, Da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon haɗa kiɗa da FL Studio, ɗakina ƙarami ne, kuɗina ma ba su da yawa. So nake in haɗa kwamfuta da kaina. Abokina ya ce sai na sayi katin girafik mai ƙarfi. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Abokinka shawarar masu wasan gem ya ba ka. Manhajar kiɗa, ko FL Studio ce ko Reaper ko Cubase, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) take ɗora wa kusan duk nauyin aikin. Don haka nemi firosesar da ke ɗauke da nata girafik a ciki. AMD Ryzen 5 5600G ta 2021 ta wadatar: ƙwayoyin sarrafa aiki (cores) 6 gare ta, kuma da fankarta take zuwa. Intel Core i5-12400 ma haka, sai dai ka guji mai harafin F a ƙarshe, wadda ba ta fitar da hoto sai da kati.

RAM kada ta gaza 16GB, kuma ka saye ta sanda biyu masu 8GB, domin firosesa ta fi sauri idan tana karɓa ta hanya biyu. In kana loda manyan tarin sautukan Kontakt (manhajar kunna sautukan kayan kiɗa), ka kai ta 32GB. Ma'ajiya kuwa SSD samfurin NVMe, 1TB in hali ya yi.

Batun ƙanƙanta ne nake so ka yi wa tunani sosai. Allon da ake haɗa duk kayan kwamfuta a kai (motherboard) samfurin Mini-ITX santimita 17 ne kowane gefe, yana da ban sha'awa, amma yawanci ya fi tsada, ramin RAM biyu kacal gare shi, kuma ƙananan akwatuna da dama na buƙatar na'urar wuta samfurin SFX, ita ma mai tsada. Ga zafi kuma. Matsattsen akwati na sa fanka gudu da ƙarfi, makirufo kuwa ba ya barin wannan ƙara, musamman a ƙaramin ɗaki irin naka. Ni dai da micro-ATX zan tafi, wanda bai wuce santimita 24.4 ba, cikin akwati mai manyan fankoki masu juyawa a hankali.

Kuɗin da ka tsira da su daga katin girafik, ka zuba su a na'urar sauti ta USB, irin Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC202HD. Ita ce ke ba makirufon kondensa wutar 48V da yake buƙata, kuma tana da direban ASIO da ke rage jinkirin da ke tsakanin rera waƙa da jin ta a kunne. Lokacin ɗaukar murya ka sa bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, a 128. In kana ɗaukar sauti a kan 48kHz, jinkirin bafar kaɗai bai kai milisakan 3 ba. Idan ka zo gauraya sautuka kuma ka ji sautin ya fara yayyankewa, ɗaga bafar zuwa 1024 don firosesa ta samu sarari.