Allon Ces Mai Na'ura Yana Cinye Ni Kullum, Ko Maguɗi Yake Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina buga dara da abokai, sai bana ƙanena ya kawo mini tsarabar allon ces (wasan allo mai kama da dara, da Turanci chess) mai na'ura a ciki, wanda idan ka gusa ɗanka yakan kunna 'yar fitila ya nuna inda nasa zai sauka. Yana da matakan ƙarfi; a mataki na sama ban taɓa cinye shi ba, a na ƙasa kuwa yakan yi wasa mai kyau, can sai ya ba ni sarauniyarsa a banza. Shin maguɗi yake yi, kuma mutum zai ƙware ta hanyar karawa da shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, babu maguɗi a ciki, lissafi ne kawai wanda ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar ɗan'adam. Allon ces gidaje 64 ne, kuma mai farawa yana da zaɓi 20, abokin karawarsa ma 20, wato tun a zagayen farko wasan zai iya ɗaukar fuska 400, daga nan kuma adadin ya riƙa ninkuwa. Na'urar tana bin waɗannan rassa ɗaya bayan ɗaya, tana ba kowane ɗa daraja (soja maki 1, doki 3, sarauniya 9), tana auna tsaron sarki, sannan ta watsar da reshen da ta ga ba zai haifa mata ɗa mai ido ba. Kai kana hango taku biyu ko uku, ita kuwa ta riga ta leƙa can gaba, ba ta gajiya, ba ta kuma jin haushin ɗan da aka ci mata.

Zargin naka dai yana da asali. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya nuna wa fadar Ostiriya wani mutum-mutumi da aka ce yana buga ces da kansa, ashe gwani ne a ɓoye cikin akwatin da aka ɗora allon a kai. Na'urorin gaskiya sun zo daga baya: a 1977 kamfanin Fidelity ya fitar da Chess Challenger, kakan irin allon da ke hannunka. A 1996 Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya doke kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM da ci 4 da 2, amma a watan Mayun 1997, a birnin New York, ta rama da ci 3½ da 2½, tana auna yanayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda. A yau manhajar Stockfish, wadda ake samu kyauta har a wayar hannu, ta fi ƙarfin kowane zakara, saboda haka shan kayenka ba abin kunya ba ne.

Kyautar sarauniyar nan ita ce ainihin matsalar. Na'ura ba ta iya yin rauni irin na mutum ba, don haka idan aka sauke ta ƙasa akan rage mata zurfin hange ne, ko a sa ta tafka kuskure da gangan jefi-jefi. Mutum yakan yi kuskure saboda kwaɗayin ci, ko tsoro, ko ƙurewar lokaci, kuma gano wannan a wasan abokin karawa babban ɓangare ne na gwaninta, kamar yadda ka sani a dara. Wanda ya saba jiran kyautar na'ura zai sha mamaki ranar da ya zauna gaban wanda ba ya kyauta.

A ganina, ka ɗauke ta malama, ba abokiyar hamayya ba. Ka zaɓi matakin da kake cin kusan rabin wasanninka, ka riƙa rubuta takunka a littafi, bayan an tashi ka koma daidai inda wasan ya kuɓuce maka, ka mayar da 'ya'yan, ka nemi shawararta idan allonka yana da wannan maɓallin. Ka yawaita jera ƙarshen wasa, misali sarki da soja guda a kan sarki tilo, domin a nan lissafinta ya fi amfanar mai koyo. Sannan ka koya wa ɗaya daga cikin abokan dararka, ku riƙa karawa ko da sau ɗaya ne a mako.