Gano ko ƙirƙiro? Amsoshin wasiƙunku

Wata ɗaliba daga Tudun Wada ta ce malaminsu ya ce "an ƙirƙiro" sinadarin teknetiyam, littafi kuma ya ce "an gano", wanne ne daidai?

Yawwa, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Gano abu, yana nan da ma, ke ce ba ki gan shi ba. Ƙirƙira daga ƙira ta fito, sai an sa hannu an yi. Amma yanzu ka kunna rediyo a Kadunan nan ka ji wai an ƙirƙiro man fetur a wani gari, haba jama'a, wa ya ƙera shi a ƙarƙashin ƙasa?

To shi teknetiyam ɗin naki fitinanne ne. Tun 1871 masanin kimiyya ɗan Rasha Mendeleev ya bar masa gurbi a jadawalin sinadarai, gurbin da ya zama lamba 43, aka yi ta nema ba a samu ba saboda ba ya zama, kullum cikin fitar da tururin nukiliya yake yana rikiɗewa zuwa wani abu daban. Sai a 1937 Emilio Segrè da Carlo Perrier a Palermo ta Italiya suka tsamo shi daga wani ɗan fallen ƙarfen molibdenam da aka yi wa ruwan ƙwayoyin zarra a cikin wani inji a jami'ar Berkeley ta Amurka. Shi ne sinadari na farko da mutum ya fara haɗawa da hannunsa, sunan ma daga Girkanci ne, ma'anarsa abin da aka ƙera. Daga baya kuma aka hango shi a taurari a 1952, aka ga ɓurɓushinsa a dutsen yuraniyam na Kwango a 1962. Malaminki bai yi kuskure ba, littafin ma haka, sai dai ni ƙirƙiro zan ce idan zancen 1937 ake.

Wani daga Kawo yana tambayar asalin "sinadari". Na maƙeran farfaru ne, abin da suke liƙe ƙarfe da shi, 'yan boko aro suka yi.

Wani ma'aikacin asibiti ya ce "rabin rayuwa" fa, a matsayin fassarar "half-life", wato lokacin da rabin irin wannan sinadari ke ɗauka kafin ya rikiɗe? Ba na so. Rai ba ya rabuwa biyu. Irin teknetiyam ɗin da kuke ɗaukar hoton ƙashi da shi, ka ce wa majinyaci duk awa shida rabinsa ke ƙarewa, zai gane.

Mai tambayar "ruwa ba ya tsami banza" kuwa, ka tambayi kakarka.