Fashaga da dalilin kame bakinmu

Ɗan'uwa, ka ce kana jin rigimar Fashaga, yankin da Sudan da Habasha ke jayayya a kai, a rediyo amma ba ka taɓa jin Hausawan Gadarif da ke gabashin Sudan sun ce uffan ba, ko ba ƙasarmu ba ce? Tamu ce mana. Wasu kakanninmu sun iso Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma a hanyar Makka suka yada zango, zangon ya zama gida.

Fashaga baƙar ƙasa ce mai laka, riɗi da dawa sai wanda ya gani. Ingila da Sarki Menelik na Habasha sun yi yarjejeniyar iyaka a 1902, shekara ta zagayo wani hafsan Ingila, Gwynn, ya kafa alamomi, Habasha kuwa ta ce ba da wakilinta aka yi ba. Da damina kogunan Atbara da Setit kan cika su raba yankin da sauran Sudan, shi ya sa manoman Amhara na Habasha suka samu wurin zama. A 2008 an yi wata fahimta: ƙasa ta Sudan, su kuma su ci gaba da nomansu. Haka aka lallaɓa har ƙarshen 2020, lokacin da sojan Habasha ya shagala da yaƙin Tigray, sojojinmu na Sudan suka shiga suka karɓe gonakin.

To me ya hana mu guɗa? Mu nan, duk ranar da aka tayar da maganar "ƙasar wa ce", ba a daɗewa sai ta juyo kanmu. Ka tuna 2022 a jihar Blue Nile: daga neman sarautar Hausawa da gardamar gona aka kashe ɗaruruwan mutane, ana ce wa wanda kakansa ma nan aka haife shi baƙo. Wanda ya ga wannan ba ya ɗaga murya kan iyaka a kasuwa.

Shi ya sa muka fi yarda da sulhun dattawa. Idan 'yan shifta, wato 'yan fashin kan iyaka, suka kora shanu ko suka kama ɗan ƙodago lokacin yankan riɗi, manya ake turawa, a zauna a kan tabarma, a yi ciniki, a dawo da mutum. Ba na cewa adalci ne, sau da yawa mai gaskiya ke biya. Amma gwamma hakan da zaman Jidda na Mayun 2023, inda sojan Sudan da dakarun RSF da ke yaƙi da shi suka sa hannu kan kare farar hula, tawada ba ta bushe ba aka ci gaba da ruwan wuta a Khartoum.